Tashin yaro tsakanin harsuna biyu a gaɓar yammacin Amurka, 1940-1974

0. Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ambaci yarinta a gaɓar yammacin Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, abin da zai fara zo masa a rai shi ne abin da silima da talabijin suka saba nunawa: sababbin unguwanni masu gidaje iri ɗaya, mota a ƙofar kowane gida, samari suna wasa a bakin teku. Wannan hoto yana da tushe. Daga 1950 zuwa 1953 an gina gidaje kimanin dubu 17 da 500 a Lakewood, kusa da Los Anjalas, a filin da dā gonakin wake ne, kuma a 1955 aka buɗe filin wasan Disneyland. Sai dai hoton bai ɗauko kowa ba. Yara masu ɗimbin yawa sun tashi a jahohin Kaliforniya, Oregon da Washinton a wannan zamani, harshen da suke ji a gida daban, wanda makaranta ta yarda da shi daban.

Tashin waɗannan yara ne za mu duba a cikin wannan ɗan nazari. Tun daga aikin Einar Haugen a kan harshen mutanen Norwe mazauna Amurka (1953) zuwa na Joshua Fishman (1966), masana sun lura cewa harshen baƙi yakan ɓace a hawa uku: kakanni masu harshe ɗaya, ƴaƴa masu harshe biyu, jikoki masu Ingilishi kaɗai. Sau da yawa ana ɗaukar wannan tsari kamar wani abu ne na halitta, irin tsufa. Mu kuwa abin da muke so mu nuna shi ne ruwa ba ya tsami banza. A bayan kowane hawa akwai doka mai kwanan wata, akwai hukuma mai suna, akwai kuma shawarar da iyaye suka yanke cikin tsoro ko cikin neman mafita ga ƴaƴansu. Mun zaɓi kalmar Ingilishi a ko'ina, tun da kalmar Turanci a ƙasarmu tana iya nufin Faransanci.

1. Ƙasar da mutanenta

A ƙidayar 1940 Kaliforniya tana da mutum miliyan 6 da dubu 900. A 1950 sun kai miliyan 10 da dubu 600, a 1960 kuwa miliyan 15 da dubu 700. Yaƙin duniya na biyu shi ne babban abin da ya jawo wannan cikowa. Masana'antun ƙera jiragen ruwa da na sama sun buƙaci hannu, mutane suka yi ta kwararowa daga Oklahoma, Teksas, Luwiziyana da Arkansas, farare da baƙar fata. Garin Richmond, a bakin ruwan San Faransisko, yana da mutum wajen dubu 23 a 1940. Kafin yaƙi ya ƙare ya doshi dubu 100, har makarantu suka riƙa karɓar yara kashi-kashi, wasu da safe wasu da rana. A Oregon an gina wa ma'aikata gari sukutum, Vanport, kusa da Portland, wanda ambaliyar ruwa ta share ranar 30 ga Mayu 1948.

Waɗannan baƙi sun tarar da wasu al'ummomi da suka riga su. Akwai ƴan asalin ƙasa, da ake kira Indiyawan Amurka, masu harsuna iri-iri. Akwai masu Sifaniyanci, tun da Kaliforniya yankin Meksiko ce har 1848, sannan daga 1942 zuwa 1964 wata yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, shirin Bracero, ta riƙa kawo leburorin gona. Akwai Sinawa, waɗanda dokar 1882 ta rufe wa ƙofar shigowa, da Japanawa, waɗanda dokar 1924 ta yi wa haka. Ya kamata mu riƙe wannan bambanci tun yanzu, domin zai yi mana amfani a gaba: Sifaniyanci yana samun sababbin masu magana daga ƙetaren iyaka kowace shekara, amma Japananci, bayan 1924, ba shi da abin dogaro sai gida da makarantun al'umma.

2. Abin da dokar makaranta ta ce

Abubuwa biyu ne suka tsara rayuwar ɗan makaranta a Kaliforniya kafin yaƙi. Na farko, tun 1872 doka ta ce da Ingilishi kaɗai za a koyar. Na biyu, dokar ilimi ta ba gundumomi izinin ware makarantu na daban ga yaran Indiyawa, Sinawa da Japanawa. Dokar ba ta ambaci ƴan Meksiko ba, amma duk da haka gundumomi da yawa na kudancin jahar sun ware su, hujjarsu ita ce ba su jin Ingilishi.

Ilimin jami'a na lokacin ya ba da tasa gudummawa. A 1916 Lewis Terman, na jami'ar Stanford, ya fitar da gwajin auna basira da aka sani da Stanford-Binet, wanda ya samo asali daga aikin Bafaranshen nan Alfred Binet. Da Ingilishi ake yin gwajin. Yaron da bai fahimci tambaya ba sai ya sami maki kaɗan, a rubuta cewa basirarsa ce ta gaza. Daga nan ra'ayi ya kafu cewa harshe biyu nauyi ne ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma malamai suka riƙa ba iyaye shawara su bar harshensu a gida. Sai a 1962 binciken Elizabeth Peal da Wallace Lambert a Montreal ya fara rusa wannan ra'ayi, lokacin da suka gwada yara ƴan shekara 10 masu matsayin rayuwa iri ɗaya, suka tarar masu harshe biyu sun fi masu harshe ɗaya maki. Ke nan yaran da muke magana a kansu sun yi dukan karatunsu na firamare a ƙarƙashin tsohon ra'ayin.

3. Yaran Japanawa

Japanawan Amurka suna da sunaye na lissafi ga kowane hawa: Issei su ne waɗanda suka zo daga Japan, Nisei ƴaƴansu haifaffun Amurka, Sansei kuma jikoki. Har 1952 doka ba ta yarda Issei ya zama ɗan ƙasa ba, kuma dokar Kaliforniya ta 1913 ta hana shi mallakar gona. Nisei kuwa ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Saboda haka iyaye suka riƙa sayen fili da sunan ƴaƴa. Shari'ar Oyama, wadda kotun ƙoli ta yanke a 1948, ta taso ne a kan gonar da uba ya saya a 1934 da sunan ɗansa mai shekara 6. Yaro ya zama mai gona a takarda, ya zama tafinta a gaban likita da ma'aikacin banki. Ingilishinsa ya ba shi matsayin da ubansa ba shi da shi.

Iyayen sun yi ƙoƙarin riƙe harshensu. Makarantar Japananci ta Siyatil an kafa ta tun 1902, kuma kafin yaƙi Kaliforniya kaɗai tana da irinta fiye da 200. Yaro yakan tashi daga makarantar gwamnati da yamma ya wuce can, ko ya tafi ran Asabar. Monica Sone, ƴar Siyatil, ta bayyana a littafinta na 1953 yadda takan zama yarinya mai surutu a makarantar safe, mai sunkuyar da kai a ta yamma. Amma kada mu ɗauka waɗannan makarantu sun fitar da gwanaye. A 1941 sojan Amurka, da yake neman tafintoci, ya gwada samarin Nisei kimanin dubu 3 da 700. Kashi 3 bisa ɗari kaɗai aka samu sun ƙware sosai. Wato harshen ya riga ya fara rauni kafin yaƙi. Abin da yaƙi ya yi shi ne ya mayar da shi abin tuhuma.

Bayan harin Pearl Harbor na 7 ga Disamba 1941, malaman makarantun Japananci suna cikin mutanen farko da aka kama, aka rufe makarantun. Iyalai da yawa suka ƙone wasiƙu, littattafai da hotuna don kada a same su da abin da aka rubuta da baƙaƙen Japan. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066. An kwashe mutum kimanin dubu 120, kashi biyu bisa uku nasu ƴan ƙasa, zuwa sansani goma a cikin hamada da fadamu: Manzanar da Tule Lake a Kaliforniya, Minidoka a Idaho, Poston a Arizona, da sauransu. A tsibirin Terminal, cikin tashar jiragen ruwan Los Anjalas, inda masunta da iyalansu, mutum wajen dubu 3, suke zaune da wani karin harshe nasu da ya haɗa Japanancin yankin Wakayama da Ingilishi, awa 48 aka ba su su tashi. An rushe gidajen, karin harshen ya rasa inda zai zauna.

A cikin sansani, ƴan makaranta kimanin dubu 30 sun ci gaba da karatu da Ingilishi, suna rantsuwar biyayya ga tutar ƙasar da ta tsare su. Da farko hukuma ta keɓe kujerun majalisar sansani ga ƴan ƙasa, wato ƴaƴa, ta bar iyaye a gefe. Akwai kuma wani abu da ake iya rainawa: cin abinci. Ba a dafawa a ɗaki. Kowa yakan bi layi zuwa babban zauren abinci, yara kuwa suka gwammace su zauna da tsaransu. Jeanne Wakatsuki Houston, wadda aka kai Manzanar tana shekara 7, ta nuna a littafinta na 1973 cewa a nan ne gidansu ya fara watsewa. Ga mai nazarin harshe wannan babban abu ne, domin lokacin cin abinci shi ne lokacin da yaro yake jin hirar manya, da karin magana, da faɗa, da barkwanci. In an ɗauke akushi ɗaya, an ɗauke makarantar harshe ta farko.

A daidai lokacin, sojan ƙasar yana horar da samarin Nisei a makarantar harshe da ya buɗe a San Faransisko a Nuwamba 1941, wadda ta yaye wajen mutum dubu 6. Harshen da aka hana yaro a gari shi aka nema a bakin yayansa a fagen daga. Da aka fara sakin mutane, hukuma ta shawarce su su watsu, kada su taru, kada su yi Japananci a bainar jama'a. Nisei da suka zama iyaye a shekarun 1950 sun riƙe wannan darasi, galibin Sansei suka tashi da Ingilishi kaɗai. A 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta kuma amince a biya kowane mai rai dala dubu 20.

4. Yaran ƴan Meksiko da shari'ar Mendez

Tarihin al'ummomin nan biyu ya haɗu a gona ɗaya. Da aka kai iyalan Munemitsu sansanin Poston, gonarsu ta kayan lambu da ke Westminster, a gundumar Orange, sai Gonzalo Mendez da matarsa Felicitas suka karɓe ta haya. Ƙanwar Gonzalo ta kwashi ƴaƴanta da na ɗan'uwanta ta kai su makarantar unguwa. Aka ce za a ɗauki nata, domin fatarsu ta fi haske, sunan ubansu kuma, Vidaurri, bai yi kama da na ƴan Meksiko ba. Sylvia Mendez da ƙannenta kuwa su tafi makarantar Hoover, ta ƴan Meksiko. Duka yaran suna jin Ingilishi. Goggon ta ƙi, ta komo da su gaba ɗaya.

A Maris 1945 iyalai biyar suka shigar da ƙarar gundumomin makaranta huɗu, da sunan yara kimanin dubu 5. Ba wannan ne karo na farko ba, domin tun 1931 iyaye a Lemon Grove, kusa da San Diyego, sun ci nasara a irin wannan ƙara, sai dai hukuncin bai wuce garinsu ba. Lauyoyin gundumomi suka tsaya a kan hujjar harshe: an ware yaran ne don a koya musu Ingilishi. Shaidu suka nuna cewa sau da yawa ba a gwada kowa, suna da kamanni kawai ake dubawa, kuma wasu daga cikin yaran suka ba da shaida da Ingilishi a gaban kotu. A Fabrairu 1946 alƙali Paul McCormick ya ba iyaye gaskiya. Cikin dalilansa akwai wanda duk malamin harshe zai amince da shi: yaron da aka raba da masu magana da wani harshe, an jinkirta masa koyon harshen ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Afrilu 1947, kuma a watan Yuni gwamna Earl Warren ya soke dokar da ta ba da izinin ware yaran Indiyawa da na Asiya. Shi wannan Warren, a 1942, lokacin yana babban lauyan jaha, yana cikin masu kira a kwashe Japanawa. Shi ne kuma, a 1954, ya jagoranci kotun ƙolin da ta haramta wariyar launi a makarantun ƙasar baki ɗaya.

Mu lura da abin da aka ci da abin da ba a taɓa ba. Iyayen Mendez sun nemi a bar ƴaƴansu su shiga aji ɗaya da kowa, sun kuma samu. Sifaniyanci kansa bai sami komi ba. Dokar 1872 tana nan, makarantu da yawa kuma sun ci gaba da hukunta yaron da aka ji yana Sifaniyanci ko da a filin wasa ne; rahoton hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasa na 1972 ya tabbatar da cewa wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Malamai sukan juya sunan yaro, Juan ya koma John. Mawaƙin nan Ritchie Valens, haifaffen yankin Los Anjalas a 1941, ainihin sunansa Valenzuela ne, aka gutsure shi don kasuwa. Da Ingilishi ya tashi, ko da yake waƙar Meksiko ta gargajiya, La Bamba, tana cikin abin da ya fitar da shi a 1958.

Samarin unguwanni sun mayar da martani ta hanyarsu. Waɗanda ake kira pachuco sun riƙi wani zaurance, Caló, mai haɗa Sifaniyanci, Ingilishi da kalmomin ƙirƙira: simón a maimakon i, chale a maimakon a'a. Iyaye suna ganinsa lalacewa, malamai suna ganinsa jahilci, ƴan sanda suna ganinsa alamar laifi. A Yuni 1943 sojojin ruwa suka yi kwanaki suna bin titunan Los Anjalas suna dukan samarin nan, suna tuɓe musu manyan kwat ɗinsu. A wajenmu Caló shaida ce ta yaran da suka mallaki harsuna biyu har suna wasa da su.

Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar makaranta har ƙarshe. Richard Rodriguez, wanda aka haifa a 1944 ya tashi a Sakramento, ya ba da labari a littafinsa na 1982 cewa malamansa, ƴan zuhudu na Katolika, sun zo har gida suka roƙi iyayensa su riƙa yi wa yara Ingilishi. Iyayen suka yarda. Yaron ya yi fice a karatu, hira a gida kuwa ta ragu, uban ya koma mai shiru. Abin lura shi ne Rodriguez bai yi nadama ba. Ya ce wannan shi ne kuɗin shiga rayuwar jama'a, har ya zama mai adawa da koyarwa da harshe biyu. Ba mu yarda da ƙarshen maganarsa ba, amma shaidarsa tana da daraja, domin ta nuna ranar da aka yanke shawara da wanda ya kawo ta.

5. Yaran ƴan asalin ƙasa

Su ba baƙi ba ne, ba su da wata ƙasa da harshensu zai ci gaba da rayuwa a cikinta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 gwamnati take ɗauke yaransu zuwa makarantun kwana, irin Chemawa a Oregon da Sherman a Riverside ta Kaliforniya, inda aka daɗe ana hukunta mai magana da harshen uwa. Yaran shekarun 1940 da 1950 ƴaƴan waɗanda suka sha wannan horo ne, kuma da yawa daga iyayen sun ƙi koya musu harshen don kada su ma su sha. A shekarun 1950 wani shiri na gwamnati ya riƙa kwaso iyalai daga ƙauyukansu zuwa Los Anjalas da Okland, a 1954 kuma majalisar ƙasa ta soke matsayin ƙabilar Klamath ta Oregon.

A wannan lokaci ne, a farkon shekarun 1950, Mary Haas da Murray Emeneau suka kafa shirin nazarin harsunan Indiyawan Kaliforniya a jami'ar Berkeley. Ɗalibansu suka bazu da na'urar ɗaukar murya, suka rubuta nahawu da ƙamus na harsuna da dama daga bakin tsofaffi. Aiki ne mai kyau, kuma shi jikoki suke komawa gare shi a yau. Amma mai bincike yana zaune da kaka a zaure, jika yana waje yana wasa da Ingilishi. Sai a 1992 Leanne Hinton da wasu ƴan asalin ƙasa suka fara shirin haɗa tsoho mai harshe da matashi mai koyo, su yini tare ba Ingilishi.

6. Daga wariya zuwa nutsewa

Dokar shige da fice ta 1965 ta sake buɗe ƙofa ga mutanen Asiya, unguwar Sinawa ta San Faransisko ta cika da yara masu Kantonanci. Tun kafin haka, Maxine Hong Kingston, haifaffiyar Stockton a 1940, ta yi shekarunta na farko a makarantar gwamnati ba ta buɗe baki, alhali a makarantar Sinanci ta maraice yara suna ihu suna karatu da ƙarfi. Ta ba da labarin a littafinta na 1976. Yanzu ba a ware yaro, an sa shi aji ɗaya da kowa, sai dai ba ya jin abin da ake faɗi.

Abubuwa suka biyo juna da sauri. A 1967 gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen tilascin Ingilishi na 1872. A Janairu 1968 aka sami dokar ƙasa ta koyarwa da harshe biyu. A Maris na shekarar dubban ɗaliban sakandare na gabashin Los Anjalas suka fice daga azuzuwa, da goyon bayan malaminsu Sal Castro, cikin buƙatunsu har da koyarwa da Sifaniyanci da daina hukunta masu magana da shi. A 1970, a shari'ar Diana, an sake gwada yara tara na garin Soledad da aka sa a ajin masu taɓin basira, wannan karo da Sifaniyanci. Mafi yawansu suka haye makin da aka ƙayyade. Daga ƙarshe, a Janairu 1974, kotun ƙoli ta yanke shari'ar Lau: yaran Sinawa kimanin dubu 1 da 800 a San Faransisko ba su samun wani taimako na harshe, kotu kuwa ta ce ba yaro littafi ɗaya da malami ɗaya da kowa ba adalci ba ne muddin bai fahimci harshen koyarwa ba.

Shekara 28 ne tsakanin hukuncin McCormick da na Lau. Na farko ya ce kada a fake da harshe a ware yaro. Na biyu ya ce kada a fake da daidaito a yi biris da harshensa. Wanda ya shiga aji a 1946 ya riga ya zama uba kafin hukunci na biyu ya zo.

7. Kammalawa

Abubuwa uku muka fitar daga wannan tarihi. Na farko, tsarin hawa uku gaskiya ne, amma saurinsa ya danganta da abin da hukuma ta yi. Japananci ya fara rauni kafin 1941, sai dai shekara huɗu na tsarewa sun yanke abin da zai iya ɗaukar dogon lokaci. Sifaniyanci ya rayu a jahar domin sababbin zuwa ba su yanke ba, alhali a cikin gidaje ɗaiɗai yana ɓacewa kamar sauran. Don haka yawan masu magana da harshe a ƙidaya ba ya nuna ko ana miƙa shi ga ƴaƴa. Tambayar da ta dace ita ce da wane harshe uwa take yi wa ɗanta faɗa, da wane yake amsa mata.

Na biyu, iyayen da suka bar harshensu ba sakarkaru ba ne. Sun auna abin da suka gani: sansani, bulala, ajin masu taɓin basira. Mai son a riƙe harshe sai ya fara rage tsadar riƙe shi. Mu da muka san zamanin sambol a lakwal, wannan ƙyalle ko ƙashi da ake rataya wa yaron da ya yi harshen uwa, ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Amma kwatancin yana da iyaka: ɗan Maraɗi ko Damagaram in ya fito daga aji, kasuwa da titi da gida duk Hausa suke yi masa, shi kuwa ɗan Sansei in ya fito, talabijin da maƙwabta da tsaransa duk Ingilishi ne. Darasin ya fi shafar harsunan da ba su da kasuwa a bayansu.

Na uku, nasarar shari'a ba ta dawwama da kanta. A 1998 masu zaɓe a Kaliforniya, da kashi 61 bisa ɗari, suka amince da ƙudiri mai lamba 227 wanda ya taƙaita koyarwa da harshe biyu ƙwarai; a 2016 suka warware shi da ƙudiri mai lamba 58, da fiye da kashi 70 bisa ɗari. Tun 2012 jahar take buga hatimi na musamman a takardar ɗalibin da ya gama sakandare da harsuna biyu, a 2011 kuma aka ba Sylvia Mendez lambar girma mafi daraja ta farar hula a ƙasar. Jikokin waɗanda aka hana harshensu da yawa suna koyonsa yanzu a jami'a, a matsayin baƙon harshe, da littafi da jarrabawa. Muna ganin ya dace ɗalibanmu masu shirin bincike a kan harshe cikin al'umma su riƙa tambayar kowane gida abu biyu tare: yaushe aka daina, kuma me ya faru a garin a wannan shekara.